Jims ɗin Baba ta tsufa, in gyara ko in sayar? Ku faɗa min motocin da kuka riƙe a gidajenku

Abu Kalil, Jidda

Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe suna riƙe mota a ƙasar nan, musamman manyanmu na Makka da Madina.

Motar da na fara buɗe ido na gani a gidanmu Datsun ce a-kori-kura, Baba yana ɗauko dilolin yadi da ita daga Bab Makka yana kai wa teloli, mu yara a baya ake zuba mu ranar Juma'a a tafi bakin teku. Daga nan ya sayi Cressida fara, ita ce ta kai mu makaranta har muka gama, kuma ban taɓa tuna ranar da muka makara saboda ita ba. Da gida ya cika, ga mu ga ƴaƴan kawu da aka kawo riƙo, sai ya sayar da ita ya ɗauko Jims, wato GMC Suburban samfurin 1999, hannu na biyu. To wannan Jims ɗin ita ce har yau a ƙofar gida.

Baba yanzu ido ya yi rauni ya bar tuƙi, ya ce min ga makulli nan in yi yadda na ga dama, amma na san shi, ko maganar sayarwa aka ɗauko sai ya yi shiru ya canza zance. Ni ma wlh ba son rabuwa da ita nake ba. Duk baƙon da ya zo Umra daga Kano ko Zinder a cikinta muke ɗauko shi daga filin jirgi, a cikinta aka kai amaren gidanmu, kuma lokacin rusau na 2022 da aka tashe mu daga unguwar Gulail ita ta kwashe mana kaya zuwa inda muka samu haya, har maƙwabta ta yi wa jigila.

Matsalar ita ce mai. Lokacin da litar fetur mai lamba 91 take halala 45 (halala ɗari ne riyal ɗaya), in ka zuba lita 150 bai kai riyal 70 ba, Baba ko lissafi ba ya yi. Yanzu lita riyal 2.18 ce, wannan lita 150 ɗin ta koma riyal 327, kuma inji ne silinda takwas, ga esi ba a kashewa a Jidda. Sannan shekaru sun hau ta, esin baya ya daina sanyi, giya tana ɗan jinkiri kafin ta shiga, fahas ɗinta, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ya ƙare kuma ina tsoron kai ta a haka. Inda muke yanzu wajen ajiye mota ma wahala ne, in ta daɗe a tsaye ƙura ta rufe ta baladiyya, wato hukumar gari, za su manna mata takarda a ce yasasshiya ce.

Ina da ɗan abin da na tara, zai iya sayen ƙaramar mota hannu na biyu irin su Corolla ko Accent, ko kuma in zuba shi a gyaran Jims. Duka biyun dai ba zai yi ba. Wanne za ku ba ni shawara? Kuma ina so in ji motocin da kuka riƙe a gidajenku, wacce ta zauna da ku lafiya, wacce kuka yi da-na-sanin sayarwa.

Alhaji na Misfala, Makka

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ƙara wa mahaifinka lafiya, ka gaishe min da shi ko ban san shi ba, duk wanda ya riƙe Datsun da Cressida da Jims a jere to tsaranmu ne.

Ni da Caprice na fara, irin mai kusurwa huɗu ɗin nan ta shekarun 1980, kujerar gaba doguwa ce guda ɗaya mutum uku ke zama ba matsi. A lokacin mai kamar kyauta yake, ba wanda ke tambayar mota nawa take sha, abin da ake tambaya shi ne esinta yana sanyi, kuma tana zama daram a hanya. Hanyar Hijira daga nan zuwa Madina ta haura kilomita 400, iska na kaɗawa daga gefe, manyan tireloli na wuce ka, in kana cikin mota mai nauyi ko a jikinka. Yaran yanzu da suka tashi da jirgin ƙasa na Haramain ba za su gane abin da nake faɗa ba, mu a mota muka san Madina, mu tsaya a yi salla a sha shayi a ci gaba, mata da yara suna barci a baya.

Bayan Caprice na yi Cressida kamar babanka. Wannan motar ban ga irinta wajen haƙuri ba, ka hau da ita hawan Hada zuwa Ɗa'ifa cike da mutane allurar zafi ba ta motsi. Ita ce wadda na yi da-na-sanin sayarwa, na ba da ita a arha don ina ganin ta tsufa, yau ga shi samarin Larabawa suna bin masu tsafta suna saye da tsada suna yi musu kwalliya. Sai na koma Ford Crown Victoria, ita ma ta yi min shekaru, kuma don ka san yadda ƙasar nan ta so motar, da aka daina ƙera ta a 2011 ta ƙarshen da ta fito daga masana'anta nan Saudiyya aka kawo ta. Yanzu Camry ce a hannuna, yara ke ja na.

Maganar Jims ɗinku, ni dai ina ganin kada ka yi gaggawa. Na farko, in ka kai ta haraj, wato kasuwar gwanjon motoci, abin da za a ba ka ba zai kai rabin amfanin da take muku ba, dillalai suna ganin motar 1999 da fahas ya ƙare za su taya ta kuɗin ƙarfe. Na biyu, kuma wannan mutane da yawa ba sa lura, murur, wato hukumar zirga-zirgar motoci, suna da ƙa'ida a kan baƙo mai iƙama da mota mai kujera bakwai zuwa sama, ba sa sa maka ita da sunanka sai ka nuna iyalinka suna da yawa. To in kuka saki wannan da ke kan sunan Baba, ba lallai ka iya mallakar irinta gobe ba. Gidan Bahaushe a Hijaz kuma ba ya rabuwa da baƙi, Ramadan na zuwa za a fara kiranka ga inna ta sauka ga baffa ya sauka da jakunkuna, ka sa su a Accent ka gani.

Da tsohuwar zuma ake magani ɗana. Ka gyara ta daidai ƙarfinka, a riƙa tashinta ranar da ake buƙata.

Maman Sumayya, Madina

Baba Alhaji Allah ya ja kwana, amma ku yi min afuwa ni kam ban goyi bayan wannan ba, don mu mun bi ta wannan hanyar.

Maigidana ma babbar mota gare shi da, mai layin kujeru uku, kuma gaskiya mun ji daɗinta. Abin da ya raba mu da ita ba lalacewa ba ce, kuɗin murafiƙin ne, wato kuɗin da baƙo ke biyan gwamnati kan iyalin da ke ƙarƙashin iƙamarsa. Da aka fara a 2017 riyal 100 ne kan kowane mutum a wata, muka ce za mu iya, shekara ta zagayo ya zama 200, ya koma 300, a 2020 ya tsaya a 400. Ka lissafa mace da yara a hakan duk wata, ga kuma mai da ya tashi a farkon 2018 daga halala 75 zuwa riyal 1.37, ga harajin kaya da ya koma kashi 15. Dole manyan yaran suka koma gida Katsina karatu, muka wayi gari mota mai cin mutum tara mu huɗu ne a ciki, muna ƙona mai muna yawo da kujerun da ba kowa. Shekara guda maigida yana cewa bari dai bari dai saboda sabo, a shekarar nan taya huɗu da batir da tamin, wato inshora, suka cinye abin da ya isa biyan rabin haya.

Muka sayar muka sayi Corolla. Kuma da aka ba mata izinin tuƙi a watan Yunin 2018 na shiga makaranta na karɓi lasisi, to a nan ne na gane amfanin ƙaramar mota, ni ke kai yara makaranta, ni ke zuwa asibiti da kasuwa, ba sai na jira shi ya taso daga aiki ba ko in yi ta biyan mai tasi. Waccan babbar ko kyauta aka ba ni ba zan iya shiga lungunan unguwarmu da ita ba. Abu Kalil ban sani ba ko kana da iyali ko ƙanne mata a gidan, in akwai to ka sa su a lissafi, mota yanzu ba ta maigida kaɗai ba ce.

Maganar baƙi da Baba Alhaji ya kawo gaskiya ce, amma sau nawa suke zuwa a shekara? Ranar da suka zo ka ɗauki hayar Hiace ko ka kira motoci biyu ta waya, kuɗin bai kai cika tanki ɗaya ba. Kuma mahaifinku yanzu abin da ya fi buƙata motar da in ciwo ya tashi tsakar dare za a murɗa makulli ta tashi, ba a tsaya ana tunanin giya za ta shiga ko ba za ta shiga ba. Ku zauna da shi ku yi masa bayani da lalama, iyaye suna ganewa in aka nuna musu don lafiyarsu ake yi.

Usta Mai Giya, sana'iyyar Jidda

Salam. Ni bakanike ne, bari in yi magana ta ɓangaren ƙarfe, don Alhaji da Hajiya kowa ya faɗi gaskiyarsa amma ba wanda ya leƙa ƙarƙashin motar.

Wannan samfurin da kake magana galibi inji 5.7 ne, kuma inji ne mai sauƙin kai, ba kwamfuta mai yawa, duk yaron da ya yi shekara biyu a gareji ya san shi. Kayan gyaransa kuwa ka je tashlih, inda ake kwance matattun motoci ana sayar da kayansu, za ka same su zube, daga kwamfuresa har ƙofa. Esin baya da ka ce ya mutu yawanci bututun da ke bi ta ƙarƙashi zuwa baya ne ke tsatsa ya huda, iskar Jidda gishiri ce, gas ya tsiyaye, ba wani babban abu ba ne. Abin da zan ji tsoro shi ne giyar. Ka zaro sandar man giya ka duba, in ja ne garau to alhamdu lillahi ƙila canjin mai da filta ne kawai, in ya yi baƙi yana warin ƙuna to a shirya sauke giya, kuma a nan ne kuɗinka zai tafi. Sai ka duba lagireto da fanbel da robobin ƙafa, ka kuma kwanta ka kalli shasi ko tsatsa ta ci. In shasi lafiya, inji ba ya hayaƙi ba ya cin baƙin mai, fahas ba zai gagara ba. Kada ka yanke hukunci kafin a yi maka wannan dubawar, awa ɗaya ce.

Cressidar da kuke yabo, sirrinta injin 22R ne, irin wanda ke cikin Hilux na lokacin, shi ya sa ta yi ta jure zafi da lodi. Ni ma mahaifina ita ya riƙe, a kanta na koyi kwance kafireto.

Yanzu in ka ce ƙarama za ka saya to ka buɗe ido sosai, don na ga mutane sun sayar da tsohuwa mai lafiya sun sayo sabuwar wahala. Mu a gidanmu an taɓa yi mana haka bayan ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009, wadda ta yi ɓarna a su Ƙuwaiza, wani ya sayar wa yayana mota tana ta ƙyalli, ashe ta kwana cikin ruwa, an wanke an busar an fesa turare. Wata biyu wayoyi suka fara haukacewa, yau gilashi ya ƙi sauka gobe fitila ta kama da kanta, har ya gaji ya kai ta tashlih. Tun daga nan duk motar da aka kawo min in duba sai na ɗaga kafet, na zaro bel ɗin kujera har ƙarshe in ga ko akwai alamar laka, na leƙa ramin safaya taya. Kilomita da ke rubuce kuma kada ka yarda da ita ido rufe, ana mayar da ita baya, ka kalli sitiyari da fedar birki da kujerar direba su za su faɗa maka gaskiya. Ƙananan nan da yawa an yi aikin ɗaukar fasinja ko kai saƙon abinci da su, shekara uku amma sun yi tafiyar shekara goma.

Motocin China da suka cika titi yanzu suna da kyau a ido kuma da garanti ba laifi, amma wanda kuɗinsa ƙididdigagge ne ni ina ce masa ya sayi wadda in ya shiga tashlih zai ga ƴan uwanta goma a jere.

Abu Kalil, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji wlh maganar kujera bakwai ban taɓa kawo ta a raina ba. Hajiya akwai ƙannena mata biyu a gidan kuma ɗaya tana da lasisi, ta daɗe tana min wannan maganar. Usta zan zaro sandar gobe da safe in ga kalar man. Wani abokina yana cewa in loda ta a jirgin ruwa in aika gida Kano a riƙa haya da ita, wannan fa?

Ɗan Mai Wurno, Riyad

Salamu alaikum jama'a. Ni daga Sudan nake, Mai Wurno kusa da Sinnar, aiki ya kawo ni Riyad, na ga zancen ya yi daɗi na ce bari in sa baki.

Mu can motar gida ba don yawo ake sayenta ba. Kakanmu lori ya riƙe, Bedford, yana ɗaukar dawa da riɗi daga Gadarif, kuma makanikan Sudan sun san yadda suke sake gina lorin nan su ƙara mata ƙarfi har ta ɗauki abin da ya fi wanda aka ƙera ta dominsa. Mahaifina kuma boksi ya saya, Hilux, da ita ake zuwa gona, da ita ake kai mara lafiya Wad Madani, ranar biki a shimfiɗa tabarma a baya mata su hau. Da damina in ƙasar nan baƙa ta jiƙe ta zama taɓo ba ƙaramar motar da ke fita daga gari, sai boksi da tarakta. Yayana da ya koma Khartum ya sayi ƴar Atos saboda cunkoso da tsadar mai, muna ganin ya ci gaba ya bar mu da tsohon ƙarfe.

Da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023, wannan tsohuwar boksin ita aka tura ta kwaso su, shi da matarsa da yara da surukarsa da ba ta iya tafiya da maƙwabta biyu, da katifu da buhun gari, ƴar ƙaramar a can aka bar ta don ba za ta ɗauki ko rabinsu ba. Da abin ya matso Madani a watan Disamba ita ɗin dai ta sake ɗaukar mutane zuwa gabas. Mai a lokacin a jarka ake nemansa da tsadar da ba a faɗa, amma ba wanda ya ce boksi ta cika sha.

Ba ina cewa irin wannan zai same ku ba, Allah ya tsare, nan ƙasa ce mai zaman lafiya. Amma kai da kanka ka faɗa ranar rusau wace mota ce ta yi muku aiki. Mu baƙi ne, yau kana nan gobe an ce ka tashi, ni shi ya sa zuciyata ta fi kwanciya da mota mai ɗaukar gida gaba ɗaya. In da hali ku haɗa hannu da ƙannenka, ke mai lasisi ki kawo naki shi ya kawo nasa a sayi ƙaramar, Jims kuma a yi mata gyaran da zai wuce fahas kawai a bar ta.

Maman Sumayya, Madina

Allah sarki, Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya ya mayar da kowa gidansa. Shawarar haɗa hannun ta yi, in dai sun san mota biyu tamin biyu ne, fahas biyu duk shekara, istimara, wato takardar rajistar mota, ita ma biyu.

Usta Mai Giya, sana'iyyar Jidda

Maganar aikawa Kano ka bar ta, motar 1999 ta wuce shekarun da kwastam ɗin Najeriya ke bari a shigo da ita, ko da ma an bari kuɗin jirgi da na fito sun fi kuɗinta, ga fetur a can tun da aka cire tallafi a 2023 ba mai hayar da zai riƙe silinda takwas.

In man giyar ka gani ja ne, kada ka bari a yi mata wankin giya da inji, tsohuwar giya ba ta son wannan, a kwance faranti kawai a canza filta a zuba sabon mai. Kuma ko gyara ko sayarwa ka fara shiga Absher na Baba, manhajar gwamnati, ka duba ko akwai mukhalafa, wato tara, a kanta, Sahir mai kyamarorin titi ba ya mantuwa, kuma ba a sabunta istimara ko a canza suna sai an biya, sai fahas da tamin suna da rai. Ko sayarwar za ka yi, mota mai sabon fahas kuɗinta daban ne a haraj. Ka ɗauko hoton sandar man a kan farar takarda ka sa mana a nan, in gani kafin ka kai ta wajen kowa.